Ciwon Ƙaryar Da Ya Ci Wa 'Yata Shekara

A shekarar da rana ta yi husufi a New York, har muka yi sallarsa a masallacinmu na Tremont, ina sayar da turare da huluna a bakin titi, ranar Asabar kuma ina koya wa yara rubutun ajami. Matata ta rasu, 'ya ɗaya Allah ya bar mini, tana neman digirin dakta a kimiyya.

Aikinsu, kamar yadda ta sha faɗa mini, leƙa cikin wata ƙwaya ce da ake kira furoton, wadda ido ba ya gani. Sai an harba ƙwayoyin cikin wani ƙaton inji sun bugi juna, daga yadda ɓarɓashinsu ya warwatsu ake gane abin da ke ciki, wato wasu ƙwayoyin da suka fi ta ƙanƙanta, da ake kira kwak. Nakan gyaɗa kai, a raina ina cewa wannan shisshigi ne cikin ikon Allah. Gaskiyar kuwa, kaɗaici ne ya dame ni.

Injin yana can Long Island, kuma 'yan makonni ake ba su a shekara. Da lokacinsu ya zo, na kira ta ina nishi, na ce ƙirjina ya riƙe, alhali lafiyata ƙalau. Ta bar aikin ta dawo, tana dama mini kunu, tana tsokanata wai tsoho ya ga husufi ya tsorata. Daga baya na jiyo kukanta a banɗaki. Lokacinta a injin ya wuce, karatunta ya ƙaru da shekara.

Da shekara ta zagayo, ciwon gaske ya zo, likita ya ce sai an yi mini aiki a zuciya. Tana wurin injin, na hana kowa gaya mata. Maƙwabcina mutumin Gana ne ya yi jinyata.

Iyaye, mu ji tsoron Allah, kada mu mayar da biyayyar 'ya'yanmu igiyar ɗaure su. Da ta dawo ta ga ɗinkin, ta yi ta faɗa tana kuka, sai na gaya mata gaskiyar ciwon farko. Ta ce ai ta sani tun ranar da mai ciwon ƙirji ya cinye malmalar tuwo biyu, ta zauna ne don ta ga kaɗaicina. Ta kama hannuna, ta ce da wannan na biya ta shekararta, amma kada in kuskura in sake yin ƙaryar ciwo ko ɓoye na gaske.