Shekarar da Gwadabe Ya Saki Ruwa

Duk wanda ya ci kasuwar Unguwar Tsamiya, can kan hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa, a ƙarshen shekarun tamanin, ya san Gwadabe. Dukiya dai babu, karatu kuma bai gama firamare ba, amma Allah ya ba shi baki. Zai ba ka labarin ɓatan akuyarsa har ka manta ka bar tukunya a wuta. Ya yi dako, ya yi ƙwadago a gonar rake, ya yi yaron mota, kuma ko'ina surutu ne yake raba shi da aiki.

Ana nan sai wata ma'aikatar gona ta gina ɗaki guda a bakin kasuwa, aka sa masa suna Ɗakin Kimiyya. Aka liƙa hotunan gonakin da rairayi ya cinye, aka kafa gwangwanin awon ruwan sama a kan turke, aka ajiye wani akwatin gilashi mai murfi. Malamin da ya kawo kayan daga Kano ya yi bayani rabi Hausa rabi Turanci, har dattawa suka fara gyangyaɗi. Can ya hango wani dogo a gefe yana sake faɗa wa mutane maganar da nasa salon, ana ta dariya ana gyaɗa kai. A ranar aka ɗauki Gwadabe, shi ne mai gadi, shi ne mai bayani. Karo na farko ke nan da aka biya shi don ya yi magana.

Ranar kasuwa sai ya sayi curin man shanu wurin Rabi, Bafulatanar da ke kawo nono daga rugar bayan dutse. Ya raba biyu, rabi a cikin akwati, rabi a waje, duka a rana. Kafin a gama gaisawa na ciki ya narke, na waje yana nan da sauran ƙarfinsa.

"To, jama'a, rana ɗaya ke dukansu," in ji shi. "Na ciki zafi ne ya shiga ya rasa ƙofar fita. Haka duniya take yanzu. Hayaƙin injuna da dajin da muke ƙonawa sun yi mata murfi. In ba mu bar saran itace ba, wata rana damina za ta riƙa zuwa a makare, ta gudu da wuri."

Ya yarda da maganar nan har zuciyarsa, kuma yana jin daɗin faɗarta. Abin da ya manta shi ne, mutanenmu ba sa son a ambaci mugun abu kafin ya zo. Mahaifiyarsa, Inna, ita ta fara jin tsoro. Gwadabe ɗan farinta ne, saboda haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yabonsa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye sai ta bakin wani. Ta kira matarsa Luba ta ce, "Gaya wa mai gidan nan, baki shi ke yanka wuya." Da saƙon ya iso, dariya ya yi.

Damina ta biyu da buɗe ɗakin, ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya fito kore shar. Sai sama ta ɗauke. Kullum da la'asar hadari zai taso baƙi ƙirin daga duwatsun Doguwa, ya zo daidai kan gari, iska ta watsa shi. Direbobi su zo da labarin an yi ruwa a Ƙofa, an yi a Kiru. Aka fita roƙon ruwa, aka yi sadakar gumba. Tsofaffin mata suka sa rigunan maza suka zaga gari suna roƙon Allah, Inna a cikinsu. Ganyen gero ya ci gaba da nannaɗewa.

Ba a san wanda ya fara faɗa ba. Aka dai wayi gari ana cewa ruwa ba ya tsami banza: wa ya ce damina za ta gudu? Wa ke da gwangwanin da ya buɗe baki yana kallon sama? Wa ke tara zafi a akwati? Rabi ta gan shi tafe, ta rufe ƙwaryarta ta ce mai ya ƙare, alhali yana ganinsa. A masallaci aka fara barin giɓi kusa da shi a sahu. Rannan Luba ta dawo daga rijiya da tulu wayam tana kuka, mata sun hana ta guga.

Mai unguwa Lado ya aika aka kira shi. Gwadabe ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, wallahi awo kawai gwangwanin nan yake yi. Ruwa na Allah ne, wa ya isa ya ɗaure shi?"

"Ni ban ce ka ɗaure ba," in ji mai unguwa, bai ko dube shi ba. "Amma mai kallon abincin 'ya'yansa yana ƙonewa ba ya jin bayani. In aka sauko daga Juma'a kayan nan suna nan, ba zan iya tare maka samari ba. Ko ka fasa da hannunka, ko ka kwashi iyalinka ka bar garin ubanka."

Gwadabe ya ba wani direba saƙo zuwa ga malamin nan na Kano, amsa ba ta zo ba. Ya kwana biyu yana juya maganar a ransa. In ya fasa, ya amsa laifin da bai yi ba, ya kuma ƙaryata abin da ya san gaskiya ne. In ya ƙi, ina zai kai tsohuwa da mace mai goyo a shekarar fari?

Ranar Juma'a ana sallame salla, jama'a suka nufo ɗakin, wasu da sanduna. Ba hayaniya, kuma shirun ya fi hayaniya ban tsoro. Gwadabe ya fito da akwatin ya ɗaga murfi.

"Ku leƙa, don Allah. Babu laya, babu komai. Gilashi ne da katako."

"Ai abin da ke ciki ba a ganinsa," in ji wani daga baya. "Kai da bakinka ka ce zafi ne ya rasa ƙofar fita."

Dutse ya wuce ta gefen kunnensa ya daki ƙyauren kwano. Ya buɗe baki, wannan bakin da bai taɓa ba shi kunya ba, ya rasa kalma ko ɗaya. A gefen taron ya hango Luba da goyo, da Inna tsaye ta juya fuska gefe kamar yadda ta saba. Ya miƙa hannu aka ba shi sanda. Ya sauke ta a kan gilashin, sannan ya tumɓuke turken gwangwanin ya yar.

Washegari da azahar hadari ya taso, wannan karon bai watse ba. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ma lokacinsa ne ya yi, amma je ka gaya wa mutanen Unguwar Tsamiya haka.

Ɗakin Kimiyya ya koma wurin ajiye taki. Gwadabe ya koma rainon dashen darbejiya a bayan gidansa, yana ba duk mai so, kuma har ya tsufa bai sake tara mutane ya yi musu bayanin komai ba. Duk shekarar da damina ta makara, kuma ta yi ta makara, sai wani ya tsaya a ƙofarsa ya ce, rabi wasa rabi gaske, "Malam Gwadabe, a taimaka a sakar mana ruwan."

Duk wannan ya iya haɗiye shi. Abin da ya tsaya masa a rai har ya koma ga Allah shi ne ranar ruwan nan. Yana zaune a zaure shi kaɗai, gari ya cika da guɗa, sai ga Inna ta shigo jiƙe sharkaf da ƙoƙon kunu a hannu. Ba ta aiko Luba ba. Ta ajiye a gabansa, ta dube shi ido cikin ido, abin da ya yi shekara arba'in yana jira.

"Gwadabe," in ji ta, "Allah ya yi maka albarka da ka sake mana shi."