Na Sayar da Garkarmu Don Gas ɗin da Ban Taɓa Gani Ba

Assalamu alaikum, ma'abota wannan mujalla. A lokacin da abin nan ya faru ni ɗan canji ne a Ɗan Issa. Teburina yana kusa da ofishin duwan, wato kwastan, kullum da safe nake hawa moto, wato babur, daga Madarumfa. Dabara ɗaya nake taƙama da ita: in naira ta faɗi mutane suka firgita suna rabuwa da ita, ni sai in saya, in jira ta farfaɗo. Sau da yawa na ci riba haka, har na fara ganin babu kasuwar da za ta gagare ni.

Shekarar da annoba ta tsayar da zirga-zirga, teburina ya mutu. A nan ne wani abokina da muka yi lakwal, wato makarantar boko, tare, wanda ke zaune a ƙasar Turawa, ya kira ni. Ya ce kasuwar hannun jari ta rushe a can, kowa na sayarwa. Ya ce akwai wani ƙaramin kamfani da ke haƙa rijiya yana fasa dutsen ƙarƙashin ƙasa don neman iskar gas, hannun jarinsa ya koma kamar kyauta, kuma da zarar an tarar da gas zai ninka sau goma. Tsakani da Allah, bai ɓoye mini cewa akwai haɗari ba. Ni ne na ji abin da nake son ji.

Na zuba duk jarina, na ga bai isa ba. Sai na tuna garkarmu ta bakin tabki, wadda ta faɗo a rabona na gado, amma mahaifiyata ce ke aikinta tun rasuwar babanmu. Zogale da albasar wurin su ne cefanenta. Na sayar wa wani alhaji ba da saninta ba, bisa sharaɗin ba zai shiga ba sai an cire albasa. A lissafina, kafin nan na samu abin da zan sake sayenta da shi har da ƙari.

Daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Wayata ta portabul ba ta barin hannuna, ko a sahun salla hankalina na kanta. Farashin ya ɗan tashi, na ƙi sayarwa. Ya sauka, na ce ai haka naira ke yi. Inna kuwa kullum tana ba ni labarin yadda albasa ke ƙosawa, ni kuma ina ƙirga kwanaki, don kowane ganye da ya kwanta yana matso da ranar. Saura kwana kaɗan a fara cira, abokin nan ya kira da rana tsaka. Ya ce rijiyar ba ta ba da komai ba, kamfanin ba shi da kuɗin haƙa wata, an dakatar da cinikin hannun jarinsa. Na tambaye shi yaushe zai farfaɗo. Ya ce wannan ba naira ba ce, babu gwamnatin da ke tsaye bayansa.

Na yi ta juya yadda zan gaya wa Inna, har alhajin ya riga ni. Tun ba a cire albasa ba ya tura mutane su auna wurin shinge, suka same ta tana ban ruwa, suka gaya mata an sayar. Da na iso ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye ni ko gaskiya ne, na ce gaskiya ne. Ta tambaya ko na taɓa zuwa inda ake haƙar, ko na san wani da ya je. Na ce a'a. Sai ta ce in taya ta ɗaukar bokitai, tunda ba wurinmu ba ne yanzu.

Yau Inna sarin zogale take yi a wurin wasu ta kai kasuwa, kuma ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Shirun nan ya fi mini zafi. Abin da na koya shi ne, arha ba riba ba ce, kuma ba duk abin da ya faɗi ke tashi ba. Ƴan'uwa, kada ku sa dukiyarku a abin da ba ku iya bayyana wa iyayenku. In kun ga sai kun ɓoye ciniki ga wanda ke ci daga wurin, to ku fasa shi tun hannunku bai karɓi kuɗin ba.