Ɗakin da Ba a Shiga da Ƙarfe

Duk wanda ya zo sabo cibiyar binciken nan, labarin wandon Kawu ake fara ba shi tun kafin a nuna masa banɗaki.

Akwai wani ɗaki da ba a shiga da ƙarfe. A ciki ake auna tsakiyar ƙwayar zarra, ana duba ko ta ɗan karkata gefe guda. In ta karkata, wasu ƙa'idojin da ke cikin littattafai sai an sake su. Awon kuwa ya fi jariri shagwaɓa, ko allura ta gifta ya lalace. Shi ya sa kowa ke ajiye makulli da waya da bel a bakin ƙofa.

Kawu ne ke haɗa kwalaben gilashin da ake awon da su. Ranar da manyan baƙi suka zo, ya cire bel, ya ɗauko kwalba da hannu bibbiyu. Bai yi nisa ba wando ya sulale ƙasa. Bai saki kwalbar ba. Haka ya ja ƙafa har ya kai ta mazauninta, Farfesa, shugabar cibiyar, kuwa ta dage tana nuna wa baƙi silin.

A ɗakin nan ya yi furfura, kuma duk awo ba a ganin komai.

"Malam, yau kun samo abin?" matarsa kan tambaya.

"Mun dai ƙara tabbatar da ba mu gan shi ba."

"To, sannunku da ƙoƙari."

Bara zuciyarsa ta fara tsallake bugu. Likita ya ce sai an dasa masa 'yar na'ura mai batir a ƙirji. Kawu ya san in aka dasa masa ƙarfen nan ba zai sake tsallaka ƙofar ba, sai ya yi ta jan ƙafa, wai a bari a gama sabon awon. Da ya yanke jiki ya faɗi a matakala, 'yarsa ba ta ƙara neman shawararsa ba, ta kai shi asibiti aka dasa.

Da ya dawo, ya roƙi Farfesa ko leƙe ne. Ta kasa haɗa ido da shi.

"Kawu, ba ni ba ce. Injin ne ba zai yarda ba."

Yanzu a bencin bakin ƙofa yake zama, tiren makullai a cinya, kwalabensa wasu ke shiga da su.

Rannan mai gyaran wuta, tsohon abokinsa, ya jefa bel a tiren ya ce, "Mutumina, ko ba komai wando ya huta."

Kawu ya dubi ƙofar.

"Ai da za a bar ni in shiga, ko ba wandon ma na yarda."