Shaidar da Mama ta bayar a kaina

Ranar da na fito daga intabiyu a wani babban asibitin kuɗi da ke cikin gari, tun daga bakin get har unguwarmu Jikwoyi nake tsintar alamu kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Shugabar nas-nas ɗin, wata 'yar kudu mai gilashi, ta tambaye ni girman yunifom ɗina. Na ce a raina, ai ba a auna wa wanda za a kora riga. Amma kuma likitan da ke gefenta bai ɗago daga wayarsa ba har na tashi. Kafin mu fita daga cunkoson Nyanya na ɗauki kaina aiki na kuma sallami kaina ya fi a ƙirga.

Gaskiya na gaji. Shekaru ina wani ƙaramin asibiti a unguwarmu inda ni ce nas, ni ce mai yankar kati, ni ce mai goge ƙasa idan mai shara ta ƙi zuwa. Ƙafafuna sun fara kumbura tun ban kai arba'in ba. Wannan aikin shi ne kaɗai ƙofar fita da nake hange.

Da suka kira suka ce in turo lambar mutum biyu da za su ba da shaida a kaina, abokiyar aikina har da guɗa. "An gama!" in ji ta. "Oga ba ya neman shaida sai ya riga ya so mutum." Na ba da lambar wani likita da muka taɓa aiki tare, sai kuma ta Mama. Mama tsohuwar metiron ce, wato shugabar nas-nas, Bafulatana, ta yi ritaya tana zaune a Zuba. Ita ta riƙe hannuna ranar da na fara neman jijiyar jariri don yi masa allura, kuma da mahaifiyata ta rasu ita ta zauna a mazauninta ranar aurena. Duk duniya babu wanda ya san aikina kamarta.

Daga nan sai shiru. Ko a banɗaki wayata na hannuna. Da shirun ya ishe ni na hau mota zuwa Zuba gaishe ta, na tarar tana ɓare lemo a tsakar gida.

"Ai mutanenki sun kira ni," ta ce, fuskarta cike da fara'a.

Na matso kusa da ita. "Me kika ce musu, Mama?"

"Me zan ce? Na ce to, yarinya ce, tana dai koyo, a riƙa haƙuri da ita. Matar da ta kira ta matsa, wai in faɗi abin da kika fi ƙwarewa a kai. Na ce wannan sai su gani da idonsu." Ta miƙo mini lemo. "Yo ni zan zauna ina yabon 'yata a kunnen baƙi? Da kunya ai. Ga bakin mutane kuma."

Na san abin da take nufi sarai. A wajenmu uwa ba ta yabon nata, iyakar ƙaunarta ke nan ta rage maka tsawo a gaban jama'a. Amma ita mai gilashin nan ba a wajenmu ta tashi ba. Abin da ta ji kawai shi ne matar da ta horar da ni ta rasa kalmar alheri guda a kaina.

Raina ya ɓaci, amma wa zan yi wa faɗa? Na durƙusa na ce, "Na gode, Mama, Allah ya ƙara girma." Na shanye lemon tas.

Ba su ɗauke ni ba. Na ci gaba da neman aiki, sai dai na daina ba da lambarta, ina ba da ta mutanen da da ƙyar suke tuna fuskata, waɗanda za su yabe ni ba tare da sun ji komai ba. Har yau idan na je Zuba takan ajiye wayarta kusa da ita, ta ce, "Shiru har yanzu ba wanda ya sake kirana. Kina dai ba su lambata ko?"

Sai in ce, "Ina ba su, Mama."