Bidiyon Juma'a na Anti Sa'adiya

A Badarawa babu mai kiran ta da sunanta haka kawai. Anti Sa'adiya ake cewa, har mazan da suka girme ta nesa ba kusa ba.

A Unguwar Shanu aka haife ta, a gidan haya mai ɗaki goma sha ɗaya. Mahaifinta Malam Rabe mutumin Katsina ne, ya zo Kaduna yana turin baro a kasuwa, daga baya ya kafa teburin goro a bakin titi. Wannan tarihin Sa'adiya ba ta son a tono shi. In aka tambaye ta sai ta ce babanta ɗan kasuwa ne, ta sauya zance. Ta yi shekara biyu a kwalejin horar da malamai, ta fito babu takarda, ta ce malaman ne suka sa mata ido. Ta gwada sayar da turaren wuta, ta gwada ƙunshi, kowanne ta watsar, domin sana'o'i ne masu son haƙuri. Abu ɗaya ta iya tun tana yarinya: ta san abin da mutum yake son ji tun kafin ya buɗe baki.

Da wannan baiwar ta samu aiki a wata ƙaramar makarantar naziri ta wani Alhaji Isiyaku. 'Yan shekara huɗu aji biyu ne. Aka ba ta ɗaya, ɗayan kuma yana hannun Malama Rakiya, dattijuwar da ta haura shekara ashirin tana fama da ƙananan yara.

A bangon ajin Malama Rakiya akwai jadawali da ta rubuta da hannunta. Kowane mako harafi ɗaya, lamba ɗaya, launi ɗaya, da gajeruwar addu'a. Makon farko ma ba a taɓa littafi. Ana koyon yadda yaro zai ce yana jin fitsari, da wanke hannu, da riƙe fensir, da jiran layi ba turereniya. Tana da wani tsohon gwangwanin madara cike da murafan kwalba. In makon lamba uku ne, to murfi uku za a ɗebo, a yi tsalle uku, a yi tafi uku, har Juma'a.

Sa'adiya ta leƙa ajin sau ɗaya, ta taɓe baki.

"Malama, mako guda cur a kan uku? Ai ko akuya kika zaunar ta haddace."

"Ba faɗin ukun ba ne wuya, 'yata," in ji Malama Rakiya. "Ganin sa ne."

Sa'adiya ta juya ta fita. A ranta cewa ta yi tsohuwar ta ƙare, kanta ya tsaya a zamanin alli da allo. Ita kuwa ta riga ta gano abin da tsohuwar ba ta gano ba a shekara ashirin: iyaye ba sa shiga aji. Uba yana ofis ko yana tasha, uwa tana gida ko tana wurin aiki. Abin da suke gani shi ne abin da ya shigo wayarsu.

Haka aka fara bidiyon Juma'a. Ran Litinin za ta zaɓi abin da zai girgiza mutane: sunayen duniyoyin sama da Turanci, ko manyan biranen jihohi, ko ƙasusuwan jikin mutum. Ta faɗa da ƙarfi, yara su maimaita da ƙarfi, tun daga safe har tashi, kwana huɗu a jere. Ba fensir, ba wasa, ba tambaya. Wanda ya ɗaga hannu zai zagaya, sai ta ce ya riƙe sai an gama. Ranar Juma'a ta goge musu fuska, ta jera su. 'Ya'yan ma'aikatan gwamnati masu fararen safa su ne a gaba. 'Ya'yan direbobi da leburori da masu talla suna baya, an gaya musu su riƙa motsa baki kawai. Mai kuka a fitar da shi baranda har a gama. Ta ɗauke su bidiyon minti ɗaya da rabi a wayarta, ta tura guruf ɗin iyaye.

Kafin a sauko daga masallaci saƙonni sun cika wayarta. Masha Allah, Allah ya ƙara basira, wannan malama kyauta ce daga Allah. Iyaye suka riƙa tura wa dangi na Kano da Abuja. Iyayen ajin Malama Rakiya kuwa suka fara tsaki. Sun tambayi 'ya'yansu abin da aka koya musu a mako, an ce musu uku.

Alhaji Isiyaku, wanda bai taɓa zama a aji na minti goma ba, ya kira dattijuwar ofis ya ce ta riƙa koyi da yarinyar nan. Malama Rakiya ta gwada. Ta ɗauki yaranta suna wanke hannu a layi, hoton yana rawa, ta tura. Mutum biyu ne suka amsa. Da zango ya ƙare ta ɗauki gwangwaninta ta tafi, aka haɗe azuzuwan biyu a hannun Sa'adiya. Ko rakiyar bakin ƙofa ba ta yi mata ba.

Tauraron bidiyon wani yaro ne Suhaib, mai zaƙin murya, kullum yana tsakiyar layin gaba. Mahaifiyarsa Hafsat ma'aikaciyar jinya ce. Wata Asabar tana girki ta ce ya miƙo mata albasa uku. Yaron da yake ƙirga ɗaya zuwa ɗari da Turanci ba numfashi ya tsaya gaban kwando yana kallon ta. Ya kawo ɗaya. Ta ce uku ta ce. Ya koma ya rungumo iya abin da hannunsa ya ɗauka. Ta zaunar da shi, ta ajiye lemo huɗu ta ce ya ƙirga. Ya ɗora yatsa yana waƙa har ya kai goma sha biyu. A nan ne kuma, da ta ci gaba da yi masa tambayoyi, ta fahimci dalilin da ya sa wandonsa yake dawowa a jiƙe kusan kullum.

Ran Litinin ta zo makarantar da lemo a leda.

"Maman Suhaib, sannu da zuwa," in ji Sa'adiya, bakinta har kunne. "Kin ga ɗan namu ranar Juma'a?"

"Na gani, Anti. Ina neman alfarmar minti biyu da yaran nan."

Ba ta jira amsa ba. Ta zuba lemon a kan tebur, ta ce wa zai ba ta guda uku. Ajin ya ɗauka gaba ɗaya da murya ɗaya, suna rera ƙirga kamar an kunna rediyo. Da suka yi shiru ta sake tambaya a hankali, ta kira 'yan layin gaba ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ba ta biyu, wata ta tura mata duka. Sai wata 'yar siririya ta taso daga can baya, Bara'atu, 'yar wani direban tashar Kawo, ɗaya daga cikin yaran da aka gado daga ajin Malama Rakiya. Ta ɗauki lemo uku ta miƙa, ta koma ta zauna.

Fuskar Sa'adiya ba ta sauya ba.

"Wannan ai uwarta talla take yi," ta ce, a gaban yarinyar. "Ƙirgan kaya a jininsu yake. Mu nan ilimi muke bayarwa."

Hafsat ta kama hannun ɗanta suka fita.

Da yamma ta rubuta abin da ta gani a guruf, ta roƙi kowa ya gwada ɗansa a gida. Amma Sa'adiya ta riga ta kira iyaye biyar ko shida, ta yi musu 'yar ƙwalla, ta ce wata ce take baƙin ciki da ci gaban yaransu. Kuma wa zai so a ce masa bidiyon da ya tura wa surukansa holoƙo ne? Aka taso wa Hafsat. Wani ya ce hassada ce, wata ta ce masu aikin asibiti dama sun cika iyayi. Ko akwai wanda ya gwada ɗansa a ɓoye, bai faɗa ba. Aka cire ta daga guruf ɗin. Ranar Juma'a bidiyo ya fito a kan lokaci, da wani yaro a gurbin Suhaib.

Bayan shekara biyu Sa'adiya ta bar Alhaji Isiyaku, ta kwashe masa fiye da rabin yara ta buɗe tata makarantar. 'Yan matan da take ɗauka aiki, tambayar farko da take yi musu ita ce ko wayarsu tana ɗaukar hoto da kyau. Malaman firamare na unguwar sun san ɗalibanta tun ranar farko, ga baki, ga hannun da bai san fensir ba. Yanzu har gayyatar ta ake yi wajen walima ta yi wa mata jawabi a kan tarbiyyar yara.

Ta auri wani ma'aikacin gwamnati mai suna Kabir, suka haifi 'ya, Samira. Bara yarinyar ta isa shiga naziri. Kabir ya ɗauka maganar a ƙare take, tunda ga makaranta a hannun uwarta. Sai ya ga Sa'adiya ta kawo masa takardar wata makaranta a can wata unguwa, ta ce shi zai riƙa sauke yarinyar in zai wuce ofis.

"Taki fa?" ya tambaya.

"In mutane sun tambaye ka, ka ce kada ta sangarce a gabana ne."

"Ni kuma in na tambaya?"

Sa'adiya tana duba wayarta, ba ta ɗago ba.

"Kai dai ka kai ta. So nake ta yi karatu."