Tukunyar Gas da Ta Yi Shiru

Yau shekara takwas da rasuwar ƙanena Idi. Har yanzu ina iya lissafa abin da ke bayan motar a ranar: tukwanen gas goma sha shida, goma na mata masu abinci a kasuwar Maigatari, shida na wani ɗan sari daga Sule Tankarkar. Mutum goma sha ɗaya ke nan da nake tsoron kada su koma wajen wani. A kansu na yi abin da na yi.

Ni ɗan kasuwa ne, ban wuce firamare ba. Da kananzir a kwalba na fara a Gumel, har Allah ya sa na buɗe wajen ɗura gas. Idi ne ya yi karatu, ya zama malamin kimiyya a sakandare. Idan an tashi daga makaranta sai ya zo shago ya karɓi sikeli, shi ke ɗura wa mutane.

Mutanenmu suna da hanyarsu ta gwada tukunya. Mai saye zai ɗaga ta kusa da kunne ya girgiza. Idan ya ji ruwa na motsi a ciki, sai ya ce an cuce shi, ba a cika ba. Idi bai taɓa gajiya da bayani ba. Yana da wata gorar roba da yake rufewa gam da sanyin safiya, ba komai cikinta sai iska, ya ajiye a rana. Kafin azahar ta kumbura ta yi tauri. Sai ya miƙa wa mai gardama, ya ce ba a ƙara mata komai ba, zafi kawai. Yakan ce iska ba ta zama wuri guda, kullum dukan bangon abin da aka kulle ta take yi, zafi ya ƙara mata ƙarfi, ƙuncin wuri ya ƙara mata ƙarfi. Gas kuma matsi ne ya mai da shi ruwa a cikin tukunya, kuma idan ya ji rana sai ya nemi wurin miƙewa. Motsin nan da suke ji, shi ne wurin da aka bar masa.

Hajiya Talatu, shugabar masu abincin, ita ta laƙaba masa Malam Gora. Takan ce ita gas ta zo saye, ba darasi ba, kuma da wurin miƙewa ba a dafa shinkafa. Shi kuma ya ce mata ai ko buhun shinkafarta ana barin inda za a ɗaure baki. Su yi dariya, ta biya, ta tafi tana mita.

A tsakiyar zafin bazara wani ya buɗe shago irin nawa, yana ɗurawa har tukunya ta yi shiru. Ranar Laraba, jajibirin kasuwa, Idi ya tafi suna Gagarawa. Hajiya Talatu ta zo ta ce mini kai tsaye, “Alhaji, tunda Malam Gora ba ya nan, ka cika mana har ta daina ƙara. In ba haka ba, ka san akwai wani.”

Na sani. Ba zan ce ban sani ba, na ga gorar nan ta kumbura sau ɗari. Amma da asubar Alhamis ƙarfen tukwanen da sanyi, na ɗura ta farko har ta yi shiru, ba abin da ya faru. Na ɗura sauran.

A Maigatari motocin shanu suka tare hanya, tamu ta tsaya a fili tun hantsi. Wajen azahar Idi ya iso daga Gagarawa a kan babur. Ya dafa tukunya ɗaya, ya janye hannu don zafi. Ya ɗaga ta ya girgiza.

“Yaya, wa ya ɗura waɗannan?”

Na ce ni ne.

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, “Kori mutane daga nan, a kashe duk wata wuta.” Ya hau motar yana sauke su ɗaya bayan ɗaya zuwa inuwar darbejiya, yana rufa musu jiƙaƙƙen buhu. Ya sauke tara. Ta goma tsohuwa ce, kanta ya saki a hannunsa. Ya sha gaya mini gas ba ya tashi sama kamar hayaƙi, ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi. Da idona na ga gas ɗin yana malala fari-fari har zuwa wani murhun awara da ban lura da shi ba a bayan rumfa. Wutar ta biyo shi ta dawo.

Ba wanda ya mutu sai shi, domin ya sa na kori kowa. Kwana huɗu ya yi a asibiti a Kano. Duk wanda ya tambaye shi, cewa yake tsohuwar tukunya ce. Haka ya gaya wa mahaifiyarmu, haka ta yarda har ta koma ga Allah. Ni kuwa abu ɗaya ya ce mini da muka keɓe: “Yaya, kada ka rufe shagon. In ka rufe, wanda ba ya aunawa ne zai rage.”

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Gumel ta yau. Itace ya yi tsada, gas ya shiga gidajen da a da ba a san shi ba. Zai ji daɗi, don yana tausayin idon mata da hayaƙi, yana tausayin bishiyoyin da ake sarewa. Amma zai ga wuraren ɗurawa jingine da mai shayi, zai ga tukwane a bayan adaidaita cikin rana. Kuma har gobe ana girgizawa kusa da kunne. Ina jin zai nemi wata gora ya sake farawa daga farko, ba tare da ya ɗaga murya ba. Ni ba ni da haƙurinsa. Ina aunawa, in nuna wa mutum sikeli, in bai yarda ba in nuna masa hanya. Gorar tana nan a kan kanta, nakan fitar da ita rana kowace safiya.

Shekara takwas ina karɓar gaisuwa ana cewa ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma hannuna ne a kan famfon, kuma ’ya’yansa biyu da nake riƙo sun kai su sani. Jiya na zaunar da su na gaya musu, kafin su karanta wannan rubutu nawa a jarida.

Masu sayen nan goma sha ɗaya, ko ɗaya bai bar ni ba. Hajiya Talatu har yau a wajena take saye, kuma ba ta ƙara girgiza tukunya ba. Abin da na tsare ke nan. Abin da na bayar, Idi ne. Allah ya jiƙansa, ya gafarta mini.