Tiren Da Bai Taɓa Ganin Alade Ba

Shekarar da muka koma unguwar Glenwood a ƙasar Turawa, maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce 'yar asalin Italiya. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa. Kullum tana bakin ƙofa tana ba shuke-shukenta ruwa, in ta hango ni ta ɗaga hannu kamar ta ga ƙanwarta. Yarana suka sa mata suna Kaka, ita ma ta amsa.

Da Babbar Sallah na aika mata soyayyen nama da waina, yadda muka saba. Ashe su ma a ƙasarsu ba a mayar da kwano wayam. Ran Lahadi sai ga ta da kwanona, ƙamshin tafarnuwa ya riga ta shigowa. Gasasshen nama ne, an naɗe an ɗaure da zare, dankali da karas sun kewaye shi. Wallahi har yawuna ya tsinke. Sai autata ta leƙa ta ce, "Mama, it's pork!"

Maigida ya yi mata bayani cikin ladabi cewa mu ba ma cin naman alade. Baiwar Allah ta yi jajir, ta yi ta ba da haƙuri, ta juya da girkin da ta wuni tana yi. Daga ranar kunya ta hana ta sakat. Da ta ji motata sai ta ajiye butar ban ruwa ta shige gida. Abin ya dame ni ƙwarai. A ƙasar da maƙwabci ke wuce ka kamar bishiya, na samu mai yi mini murmushi, sai alade ya raba mu? Ban yarda ba.

Na je shagon halal a titin Gate City Boulevard, na sa mahauci ya zare mini ƙashin cinyar rago, na wuce na buga mata ƙofa.

"Kaka, ƙamshin nan naki ya hana ni sukuni. Zo ki koya mini da wannan."

Ta dubi naman, ta dube ni. "Rago bai da kitsen da ake so," in ji ta, alhali hannunta ya riga ya kai kan rigar girkinta.

A kicin ɗina kuwa aka kafa mulki. Na ɗora tukunya zan tafasa naman tukuna, ta yi ihu kamar na taka mata ƙafa. Na ɗauko dunƙule, ta ƙwace ta jefa aljihu. Gishiri, tafarnuwa, man zaitun da ganyen ƙamshin da ta tsinko a ƙofarta, wai shi ke nan. Ni da na girma a kan daddawa! Amma da ta juya yanka dankali na barbaɗa yaji a gefe guda kafin mu naɗe mu tura obin.

Da muka zauna ci, maigida ya waiwaya yana neman miya. Kaka kuma gefen yajin nan ta fara yanka. Ta yi tari, hawaye suka zubo, ta nuna ni da cokali tana wani dogon zance da yarensu wanda na tabbata ba addu'a ba ce. Sannan ta miƙo faranti aka ƙara mata daga gefen.

Da mako ya zagayo ta ƙwanƙwasa, rungume da sabon tiren gashi, ko takardar shago ba a ɓare ba.

"Wannan bai taɓa ganin alade ba," in ji ta, "kuma ba zai gani ba. Nawa ne da ke."

Na rungume ta, idona ya cika. Har yau tiren nan yana tsallaka shingenmu, kuma bai taɓa tsallakawa wayam ba.